GARGAƊI DA WA'ADIN KWANA 21: MUN GAJI DA BIYAN KUƊIN WUTA SAU BIYU

Zuwa ga: Shugabannin kamfanin da ke rarraba wutar lantarki a yankinmu.

Daga: Masu sana'o'in da ke dogara da wuta a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, Jihar Kano.

Kwafi ga: Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, da ofishinta na sauraron ƙorafi a Kano; Gwamnatin Jihar Kano; shugabannin ƙananan hukumomin biyu; iyayenmu hakimai da dagatai; wakilanmu a majalisun jiha da na tarayya.



Mu ne masu injinan casar shinkafa da niƙa da matsar man gyaɗa, da masu walda, da masu yankan katako, da masu ƙanƙara da ruwan leda, tun daga Gwarzo, Getso, Kutama, Lakwaya da Mainika har zuwa Kabo, Garo, Gude, Godiya da Kanwa. Mun zauna, mun ajiye takardun kuɗin wutarmu a gefe guda, rasiɗan man gas a ɗaya gefen, mun yi lissafi, kuma bakinmu ya zo ɗaya. Daga ranar da wannan takarda ta shiga ofishinku, mun ba ku kwana 21 ku amsa buƙatun da ke cikinta a rubuce, ku kuma fara aiwatar da su. Kwana 21 ɗin nan su ne ranakun aiki 15 da ƙa'idar NERC ta ba kamfanin rarraba wuta ya warware ƙorafin mai hulɗa da shi. Ba mu rage muku ko yini ɗaya ba, kuma ba za mu ƙara ba.

ABIN DA MUKA YARDA DA SHI

A ranar 3 ga Afrilu 2024, NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da aka ce za su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Tun daga lokacin, amsa ɗaya ake bai wa duk wanda ya koka: ai ko da ƙarin, wutar layi ta fi janareta araha. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu wanda ya kai mu saninta, domin mu ne masu ɗaukar jarka zuwa gidan mai. Ga lissafin, don kowa ya gani.

A ɗauki janareta mai ƙarfin kVA 100, irin wanda matsakaicin injin casa ko gidan ƙanƙara ke ajiyewa. Idan yana jan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, yana ba da yunit 60 a awa, yana shan man gas kamar lita 17. Kowace lita ke nan tana fitar da yunit uku da rabi. A sa lita a kan naira 1,200, farashin da aka sha saye a 2024. Awa ɗaya ta cinye naira 20,400, yunit guda ya tashi a kan naira 340. Waɗannan yunit 60 ɗin, da daga layi suka zo a farashin rukunin A, har da harajin kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗinsu kimanin naira 13,500 ne. A yinin aiki na awa goma, mai janareta ya kashe naira 204,000, mai wutar layi ya kashe 135,000. A wata mai ranakun aiki 26, tazarar ta doshi naira miliyan 1.8. Kafin janareta ya yi kunnen doki da farashin rukunin A, sai litar gas ta sauko ƙasa da naira 790. Su kuwa sauran rukunan, da yunit ɗinsu bai kai naira 70 ba, kuɗinsu bai kai rubu'in na janareta ba. Duk wanda ya ga farashin lita ya canja a garinsu, ya sa nasa ya sake bugawa. Sakamakon ba zai yi nisa da wannan ba.

Mai kaɗai muka ƙirga a nan. Ana juye baƙin mai a canja filtoci kusan duk bayan awa 250 na aiki, wato sau ɗaya a wata ga mai yinin awa goma. Akwai batir, akwai bel, akwai ladan bakanike, da albashin yaron inji, da na mai gadi. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, zafin bazara yana rage wa inji ƙarfi. Bayan 'yan shekaru sai an sauke shi an yi masa garambawul. Shi kansa janaretan da kayan gyaransa daga waje ake shigo da su, kuma dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Akwai kuma wata asara da wanda ba ya cikin sana'ar ba zai lura da ita ba. Moton da ke juya injin casa ko na niƙa yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a daidai lokacin da zai tashi. Saboda wannan fizgar ta 'yan daƙiƙoƙi, dole mutum ya sayi janaretan da ya fi aikinsa girma, sannan ya yini yana kunna shi a kan ƙaramin kaya. Babban janareta kuwa ba ya son ƙaramin aiki. Idan wancan mai kVA 100 ɗin yana jan rubu'in ƙarfinsa, zai sha lita bakwai ko takwas ya ba da yunit 20 kacal, kuɗin yunit ya wuce naira 400, ga man da bai gama ƙonewa ba yana taruwa a salansa yana cin rayuwar injin.

Saboda haka babu mai hankali a cikinmu da ke sha'awar janareta. Muna son wutarku, mun fi ku son a ce ita kaɗai muke amfani da ita.

INDA LISSAFIN YAKE RUSHEWA

Arahar da ake yi mana gori da ita tana tabbata ne idan wutar ta zo, ta zo a lokacin aiki, ta zo da ƙarfinta, aka kuma caje mu daidai abin da muka sha. Da zarar ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, lissafin ya juye.

Tsarin da aka shigo da shi a 2020 ya ɗaure farashi da awoyi: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. To, a ɗauki mai injin da aka ɗora wa farashin rukunin A, amma cikin awa goman aikinsa huɗu kawai ya samu wuta. Idan yana da mita, zai biya naira 54,000 na layi, ya ƙona gas na 122,400 a sauran awa shida, jimilla 176,400. Ya ji jiki, amma har yanzu ya fi mai janareta zalla sauƙi. Idan kuwa ba shi da mita, aka kawo masa bil na ƙiyasi tamkar ya sha awa goman cif, zai biya 135,000 ya kuma ƙona gas na 122,400, jimilla 257,400. Ya zarce wanda bai taɓa haɗa waya da ku ba da naira 53,400 a yini guda. Ma'ana, wanda ya yanke wayarsa ya jingine ya fi wanda ya tsaya tare da ku riba. Wannan shi ne biya sau biyu da muke magana, kuma shi ne zuciyar wannan takarda.

Na biyu, lokacin zuwan wutar. Ana ƙirga awoyi ne a kan layi cikin dare da rana baki ɗaya. Mu kuwa da rana ake kawo mana niƙa, da rana manomi ke sauke buhunan shinkafarsa, da rana mai ƙofa ke tsaye a kan mai walda. Wutar da ta zo bayan sha biyun dare ta tafi kafin hantsi ta cika lissafinku, namu ko taɓa shi ba ta yi ba.

Na uku, ƙarfinta. Injinanmu da wuta mai layi uku suke aiki. Idan layi ɗaya ya faɗi, ko wutar ta zo a raunane, ƙwan fitila zai kama, amma moto zai yi ta gurnani har koyil ɗinsa ya ƙone. Sau da yawa mai inji yana ganin fitila a kunne zai tashi janareta, don kuɗin gas na awa biyu ya fi masa sauƙi a kan kuɗin naɗin koyil da zaman mako guda babu aiki. Haka nan ɗaukewa a tsakar aiki: shinkafa ta maƙale a inji ta kakkarye, ƙanƙarar da ta fara kamawa ta koma ruwa.

Na huɗu, idan taransifoma ta lalace ko turke ya faɗi, sai a zuba wa mutanen unguwa ido har su gaji su yi karo-karo. Wannan ma kuɗin wuta ne, ko da ba ya fitowa a kan bil.

Duk wannan nauyi ba a kanmu yake tsayawa ba. Yana sauka a kan matar da ta aiko da kwanon masara niƙa, da mai ƙosai da mai awara, da mai ƙuli-ƙuli, da magidancin da ke neman ƙanƙarar buɗa-baki a azumin bazara. Idan kuɗin casa ya yi tsada a nan, manomi zai ɗora shinkafarsa a mota ya kai ta Kura ko cikin birni, aikin da samarinmu za su samu ya bi ta. Mun ga yadda rashin tsayayyar wuta ya taimaka wajen rufe masana'antu a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Ba za mu zauna mu jira namu layin ba.

UZURIN DA MUKA SANI

Mun san ba ku ke samar da wutar ba, rarrabawa kuke yi. Mun san abin da ƙasar nan ke fitarwa yana kai-kawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutum fiye da miliyan 200. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Bankin Duniya ma ya ƙiyasta a 2021 cewa rashin tsayayyar wuta yana jawo wa masu sana'a a Najeriya asarar kimanin dala biliyan 29 a shekara. Duk mun ji. Ba mu ce ku ƙago wutar da ba a turo muku ba. Cewa muka yi kada ku karɓi kuɗin wadda ba ku kawo ba. Wannan kuwa ba ya buƙatar sabuwar tasha ko sabon layi daga Shiroro.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya caje wanda ba shi da mita. A Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya naira biliyan 10.5 saboda ƙetare wannan iyaka. Umarninta na Afrilun 2024 ya ce layin rukunin A da ya kasa cika awoyinsa kwana bakwai a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da shi. Ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da wayoyi ba aikin mai shan wuta ba ne. Ta kuma ba wanda ke jayayya da bil na ƙiyasi damar ya biya daidai bil ɗin ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba, har a yanke hukunci.

BUƘATUNMU

1. A sa wa kowane mai injin sana'a a Gwarzo da Kabo mita mai layi uku. A ba mu jadawalin sawa a rubuce, gari-gari, da ranar farawa da ta gamawa.

2. Kafin mitocin su iso, kada bil ɗin kowa ya haura iyakar da NERC ta sa wa layinsa, kuma a rubuta iyakar a jikin bil ɗin. Wanda aka caje fiye da ƙima a baya, a mayar masa da rarar a cikin asusunsa.

3. A bayyana rukunin kowane layi da ke ciyar da garuruwanmu, da awoyin da ya samu kowace rana, a manna a ofisoshinku na yankin duk ƙarshen mako. Layin da bai cika awoyinsa ba a sauke farashinsa.

4. A zauna da wakilanmu a tsara rabon wuta yadda aƙalla rabin awoyin kowane layi zai faɗo tsakanin takwas na safe da shida na yamma, musamman da kaka da watan azumi, a kuma riƙa sanar da mu kafin a ɗauke don gyara.

5. A auna kayan da ke kan kowace taransifoma, a daidaita layukanta uku, a ƙara wata inda kaya ya yi yawa. Wadda ta lalace kamfani ya gyara da kuɗinsa cikin lokacin da za a faɗa mana.

6. A daina yanke wa unguwa ko gari gaba ɗaya saboda bashin wasu. Wanda ake bi, a bi shi shi kaɗai.

7. A ware jami'i guda mai ikon yanke shawara da za mu riƙa zama da shi sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka tattauna, kowa ya sa hannu.

IDAN WA'ADIN YA CIKA BABU AMSA

Mataki na farko, za mu shigar da ƙorafi na bai ɗaya a ofishin NERC da ke Kano, haɗe da bil ɗin kowane mamba, da rasiɗan gas, da rajistar zuwa da ɗaukewar wuta da muka umarci kowa ya fara rubutawa daga yau.

Na biyu, duk mamban da ba shi da mita zai koma biyan bil ɗinsa na ƙarshe da babu jayayya a kansa, ba ƙari, kamar yadda ƙa'ida ta ba shi dama.

Na uku, za mu kashe injinanmu na kwana uku a faɗin ƙananan hukumomin biyu, bayan mun sanar da jami'an tsaro da iyayen ƙasa, mu kai kokenmu ofishinku cikin lumana. Muna ba jama'a haƙuri tun yanzu, kuma za mu sanar da ranakun da wuri don kowa ya yi niƙansa.

Na huɗu, idan duk wannan bai yi ba, za mu rubuto muku a tare ku cire mu daga layinku, mu kuma miƙa batun rarar kuɗinmu ga lauyoyi. Kada a ɗauka wannan barazana ce ta fatar baki, wai don an san janareta ya fi tsada. Lissafin da ke sama ya nuna cewa a ƙarƙashin bil na ƙiyasi ficewa ta fi zama sauƙi. Kuma yau zaɓi ba biyu ba ne. Ƙa'idar NERC ta halatta kafa ƙaramar tashar unguwa. An sa wa shaguna wutar sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano, an kuma ƙaddamar da tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019. Mun san kafa sola mai ɗaukar manyan motoci na inji yana cin jari mai nauyi, shi ya sa ba ɗaiɗai za mu tunkare shi ba. A ƙungiyance za mu nemi masu zuba jari, kuma aikinmu na rana ne, lokacin da ranar take. Injin casa guda irin na misalinmu yana shan yunit 15,600 a wata, abin da gidaje gommai ba sa sha. Ku lissafa abin da zai rage a layin idan irinsa suka fice.

A Mayun 2024 ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun tare ƙofofin NERC da na kamfanonin rarraba wuta a kan wannan ƙarin farashi, a ranar 3 ga Yuni kuma yajin aikinsu ya kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Mu ba mu da wannan ƙarfi, ba ma nemansa. Ƙarfinmu shi ne kuɗin da muke biya duk wata.

KIRA GA GWAMNATI DA WAKILANMU

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kula da kasuwarta a cikin iyakokinsu. Dam ɗin Challawa yana nan Ƙaraye, maƙwabciyarmu, kuma tun gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu aka fara aikin samar da wuta a can da kuma Tiga. Megawat shidan da aka tsara wa Challawa zai iya juya injina ɗari irin na misalinmu a lokaci guda. Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya sa a fito a yi wa jama'a bayanin matsayin aikin, da kason da za a ware wa garuruwan da ke zagaye da ruwan. Muna kuma kira ga Sanata Barau Jibrin, ɗan Kabo mai wakiltar Kano ta Arewa, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Gwarzo da Kabo, da 'yan majalisar jiharmu, su tsaya a kan batun mita da ƙarin taransifoma. Iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku, mun sanar da ku tun kafin mu ɗaga ƙafa, don ku zama shaida cewa ta ƙofa muka biyo.

GA 'YAN'UWA MASU SANA'A

Wanda ke neman haƙƙinsa ba ya riƙe na wani. Duk mai mita ya ci gaba da biyan abin da ya sha. Duk wanda ya yi satar wuta, ko ya zagaye mita, ko ya ba wani na goro don a rage masa bil, ya gyara tun kafin wa'adin nan ya cika, domin ba za mu tsaya masa ba. Kada wanda ya zagi ma'aikacin da aka turo, balle ya ɗaga masa hannu. Ɗan aike ne. Kada wanda ya taɓa taransifoma ko waya ko turke, kuma wanda ya ga ɓarawon kayan wuta ya kai rahoto. Kowa ya sami littafi ya riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo, da lokacin da ta tafi, da litar gas da ya ƙona. Da wannan littafin za mu yi shari'a.

Ga kamfani kuma, ƙofarmu a buɗe take ga zama a kowace rana cikin kwanakin nan. Ku kawo wuta ku auna ta, mu biya har sisin kwabo. Wa'adin zai fara aiki ne daga ranar da aka buga hatimin karɓa a kan kwafinmu, kuma a rana ta 22 za mu ɗauki mataki na farko.

Wassalam.

A madadin masu sana'o'in da ke dogara da wutar lantarki a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, Jihar Kano.